Ƙara da magana: jera lasifikoki da teburin haɗa sauti a dandalin Damagaram

0. Gabatarwa

Duk wanda ya halarci babban taro a Damagaram, ko hawan salla ne a ƙofar fada, ko kokowa a fage, ko bukin ranar 18 ga watan Disamba da birnin ya karɓa a 2006 da kuma 2018, ya san cewa isar ƙara daban, isar magana daban. Mutum yana iya tsayawa can ƙarshen taro, ƙirjinsa na amsa bugun ganga, amma ya kasa faɗin sunan da sanƙira ya ambata. Galibi akan ɗora laifin a kan tsufan kaya ko ƙarancinsu. A ganinmu, mafi yawan lokaci kayan sun isa. Yadda aka jera su ne bai dace da aikin da ake nema gare su ba.

Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, kayan sauti guda suna yi wa masu saurare iri biyu hidima a lokaci ɗaya: akwai taron jama'a, akwai kuma mai maganar kansa, wanda tilas ne ya ji muryarsa kafin ya iya sarrafa ta. Bukatun waɗannan biyu sun sha bamban, kuma teburin haɗa sauti shi ne wurin da ake raba su. Mun ɗauki batun ta fuskar ilimin furuci, domin Hausa tana da abubuwan da take nema daga na'ura waɗanda littattafan koyon sana'ar, da aka rubuta don masu jin Faransanci, ba su damu da su ba.

1. Kalmomin aiki

Kalmomin wannan sana'a sun shigo ta ƙofa biyu. Daga Faransanci aka samo sono, da ampili, da mikoro, da baful, da gurup. Daga Ingilishi, ta hanyar Kano, aka samo lasifika, da makirufo, da miksa, da janareto. A nan za mu yi amfani da lasifika da makirufo, saboda masu karatu na ɓangarorin iyaka biyu sun san su, sai ampili ga na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, da teburi ga na'urar haɗawa. Mun kauce wa kalmar amsa-kuwwa, ko da yake gidajen rediyo suna kiran lasifika da ita, don kuwa ma'anarta ta asali ita ce muryar da ke dawowa daga bango ko dutse, kuma wannan dawowar ce babbar abokiyar gabarmu a shafukan da ke tafe. Ba zai kyautu a kira magani da sunan cuta ba.

Lasifikokin da ke fuskantar jama'a, waɗanda Faransanci ke kira *façade*, za mu kira su lasifikokin taro. Waɗanda ake ajiyewa a ƙasa gaban mawaƙi suna kallonsa, wato *retour*, su ne lasifikokin dandamali. Game da sauti kuwa, za mu ce mai kauri, matsakaici, da mai kaifi, mu bar kalmomin sama da ƙasa ga karin sauti, don kada a rikice. Ana auna kauri da kaifi da yawan kaɗawar iska a daƙiƙa guda, wato Hz, ana auna ƙarfi da desibal, wato dB.

2. Abin da Hausa ke nema daga na'ura

A dubi waɗannan misalai. Mun ninka wasali don nuna tsawo, mun ɗora alama a kan karin ƙasa, mun bar karin sama ba alama:

(1) a. kuukaa, na mai hawaye, b. kuukàa, itacen miya
(2) a. gàrii, mazaunin jama'a, b. gàarii, abin da aka niƙa
(3) a. bàakii, na fuska, b. bàaƙii, waɗanda suka zo daga nesa
(4) a. yaa zoo; b. yà zoo

A (1) kari kaɗai ya raba kalmomin, a (2) tsawon wasali, a (3) tunzuɗo, a (4) kari da tsawo tare. Misali na (4) shi ya fi damuwar mai shela: idan aka ambaci mai sarauta aka ce (4a), labari aka bayar cewa ya iso, idan aka ce (4b), kiransa ake yi. Rubutun yau da kullum bai raba su ba, kunne ne ke rabawa, kuma a dandali kunne ya dogara ga lasifika. Faransancin yau ba ya raba kalmomi da kari, tsawon wasali ma bai da wani babban aiki a cikinsa. Saboda haka mai sono da ya koyi aiki da *un, deux, un, deux* bai taɓa gwada ko ɗaya daga cikin waɗannan huɗu ba.

Kowanne da abin da ke kashe shi. Kari ya dogara ga saurin kaɗawar tantanin maƙwallato, wanda ga namiji baligi yakan kasance tsakanin Hz 85 da 180, ga mace tsakanin 165 da 255. Mutum zai zaci cewa dole a buɗe sauti mai kauri sosai don kari ya fito. Ba haka ba ne. Tarho na waya ba ya wuce da abin da ke ƙasa da Hz 300 ko sama da 3400, amma ba a taɓa jin Bahaushe ya ɗauki kuukaa a matsayin kuukàa a tarho ba, domin kunne yana gano tushen murya daga ninke-ninkensa na Hz 200, 300, 400 da sauransu, ko da tushen kansa bai iso ba. Abin da ke kashe kari shi ne rufewa. Sauti mai kauri idan ya yi ƙarfi yana danne wanda ya fi shi kaifi fiye da yadda mai kaifi ke danne mai kauri. An san wannan tun binciken Wegel da Lane na 1924. Ganga da kalangu suna zaune ne daidai inda ninke-ninken farko na murya suke. Kalangu ma, tun da kwaikwayon karin magana yake yi, yana hawa yana sauka a hanya ɗaya da mawaƙin. Idan aka ƙara masa kauri a teburi, sai ya hau kan muryar da ya kamata ya raka.

Tsawon wasali kuma maɓallin eko ne ajalinsa. Gajeren wasali ba ya cika kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, dogo kuwa kusan ninkinsa ne. Na'urar da ke maimaita kowace gaɓa sau biyu ko uku tana cike ɗan gurbin da ya raba gàrii da gàarii. Mawaƙa suna son eko, don yana ɓoye gajiyar murya, kuma ba mu ga laifin ɗan kaɗan a cikin waƙa ba. Amma barinsa a buɗe lokacin jawabi, ko wa'azi, ko wasan kwaikwayo irin wanda ƙungiyar Yazi Dogo ta shahara da shi a Damagaram, inda dariyar duka ke rataye ga kalma guda, ɓarna ce tsantsa.

Tunzuɗau kamar ƙ da ts, da zuzau kamar s da sh, alamominsu suna can cikin sauti mai kaifi, daga Hz 2000 zuwa sama, kuma ba su da ƙarfi idan aka gwada su da wasali. Sauti mai kaifi yana tafiya a miƙe kamar hasken tocila, ba ya kewaya abin da ya tare shi. Riga da rawani suna shanye shi, busasshiyar iska ma tana cin sa fiye da iska mai laima. Wato a lokacin hunturu, baƙaƙe ne ke fara mutuwa a hanya, wasula su isa su kaɗai. Abin da ɗan ƙarshen taro ke ji ke nan: muryar mutum sarai, ba tare da kalma ba.

3. Lasifikokin taro

Daga abin da ya gabata, ƙa'idojin jerawa suna fitowa da kansu. Lasifikokin taro su kasance gaba da layin makirufo, sun ba shi baya. A ɗaga su har ƙaramin bakin da ke fitar da sauti mai kaifi ya wuce kawunan mutane a tsaye, wato mita 2 ko fiye, a ɗan sunkuyar da su suna kallon sahun baya. Lasifikar da aka ajiye a ƙasa ko bisa benci, sahun farko ne kawai ke jin baƙaƙenta.

Ɗagawar tana da wani amfani. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da dB 6. Lasifikar da ke ba da dB 110 a mita 1 za ta ba da 98 a mita 4, da 86 a mita 16, da 80 a mita 32. Idan tana daidai kunnen yaron da ya rakuɓe gabanta, tsakaninsa da na ƙarshen taro akwai dB 30; idan aka ɗaga ta, mafi kusa da ita ya koma mita 3 ko 4, tazarar ta sauko wajen dB 20. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2022 don wuraren taro, ta sa iyaka a dB 100 bisa matsakaicin minti 15. Yaran da ke cincirindo gaban baful a biki suna wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba.

Matsala ta fi tsanani idan fili ya yi tsawo aka ƙara lasifikoki a tsakiyar taro. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa idan zafi na digiri 20. A zafin Damagaram na watan Afrilu da Mayu, da ke kai digiri 40, yana yin kusan mita 355. Wutar da ke cikin waya kuwa isarta nan take ne. Don haka wanda ke zaune kusa da lasifikar da aka kafa a mita 30 zai ji kowace gaɓa sau biyu: daga ta kusa da shi, sannan bayan milisakan 85 daga ta dandamali. Kunne yana haɗe sautuka biyu su zama ɗaya idan tazararsu ba ta wuce milisakan 30 zuwa 50 ba, kamar yadda Helmut Haas ya nuna a 1949; abin da ya wuce haka amsa-kuwwa ne. Magani shi ne a jinkirta lasifikar tsakiya da wannan adadi, a ƙara milisakan 10 zuwa 15 don kunne ya ci gaba da jin maganar daga wajen mai yin ta. Teburan zamani masu aiki da lissafin kwamfuta, irin Behringer X32 da ya fito a 2012, suna da wannan jinkiri a cikinsu. Wanda teburinsa bai da shi, gara ya tara lasifikokinsa wuri guda a bisa tsauni da ya warwatsa su. Lasifika huɗu da ke magana a lokuta huɗu ba su kai guda biyu da ke magana tare ba.

A bar kowace murya a tsakiya, kada a raba ta hagu da dama. A taron da ya yi faɗi, wanda ke gefe guda ba ya jin lasifikar ɗaya gefen.

4. Lasifikar dandamali

Wannan ita ce wadda aka fi rainawa, ita ce kuma aka fara cirewa idan kuɗin haya ya gaza. Dalili a fili yake: mai biki ba ya jin ta, don haka bai ga abin da ya biya ba.

Mawaƙan fada na zamanin Ma'azu Ɗan Alalo sun gaji wani tsari da bai bukaci na'ura ba: jagora a gaba, ƴan amshi da makaɗa kusa da shi kafaɗa da kafaɗa, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa, karɓi na faɗowa daidai inda jagora ya aje. Shigowar lasifika mai ƙarfi ta rushe wannan. Sauti mai kauri yana fita ta ko'ina, har ta bayan akwatin, mai kaifi kuwa gaba kawai yake yi. Wanda ke kan dandamali, bayan lasifikokin taro, gurnani kaɗai ke iso masa kai tsaye. Kalmominsa kuma sai sun je sun bugi wani abu sun dawo, kuma Damagaram ba ta rasa abin bugu: ga katangun Birni, ga manyan duwatsun da suka kewaye unguwar, ga matakalan siminti na fagen kokowa.

Abubuwa biyu ne ke faruwa da mai magana a wannan hali, kuma dukansu sanannu ne ga masu nazarin furuci. Na farko shi ne wanda likitan kunne Étienne Lombard ya bayyana a Faransa a 1911: mutumin da hayaniya ta hana shi jin kansa yana ɗaga murya ba da saninsa ba. Ba ƙarfi kaɗai ke ƙaruwa ba, muryar duka tana hawa sama, wasula su ƙara tsawo. Mawaƙin da ya yi awa biyu a haka zai sauka da dushewar murya, kuma tun kafin nan ya matse kansa a can ƙololuwar muryarsa, inda ba shi da sararin hawa da sauka. Na biyu ya fi muni. Bernard Lee ya nuna a Amurka a 1950 cewa idan aka maido wa mutum muryarsa a kunne da jinkirin wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, sai ya fara in'ina, yana jan gaɓoɓi yana maimaita su. A yi lissafi: bangon da ke nisan mita 35 daga dandamali, zuwa da dawowa mita 70 ke nan, wato wajen milisakan 200. Ba sai an shiga ɗakin gwaji ba. Fili da bango sun isa su sa gwanin magana ya riƙa tuntuɓe, jama'a su ɗauka tsoron taro ne ya kama shi. Ga ƴan amshi kuma, sukan bi muryar da ta dawo maimakon ta bakin jagora, sai karɓi ya riƙa makara. Ba mu kaɗai abin ya sama ba: a 1965, lokacin da ƙungiyar Beatles ta yi wasa gaban mutum fiye da 55,000 a filin Shea na birnin New York, ba su da lasifikar dandamali, kuma da kyar suke jin abin da suke kaɗawa.

Aikin lasifikar dandamali shi ne ta kawo wa mai magana muryarsa nan take, da ƙarfin da zai rinjayi wadda ke dawowa daga bango. Ba a haɗa ta da hanyar da ke ciyar da lasifikokin taro. Kowane layi na teburi yana da maɓallan hanyar gefe, waɗanda aka rubuta wa AUX, kuma daga nan ake ɗibar mata rabonta. Hanyar gefe iri biyu ce: wadda ke ɗiba kafin maɓallin ja na layin, mai alamar PRE, da wadda ke ɗiba bayansa, mai alamar POST. Ta farko ce ta dandamali. Dalili kuwa, idan mai teburi ya rage muryar mawaƙi ga taro don sanƙira ya yi shela, bai kamata muryar ta ɓace wa mawaƙin a kunne ba. Haka idan ya ƙara ta, kada ta yi tsalle a dandamali ta haddasa kuka. Ta biyun ta eko ce, don shi ya kamata ya bi murya duk inda ta yi. Musanya waɗannan biyu kuskure ne da ake yawan gani, kuma maɓalli guda ke gyara shi.

Sai abin da za a zuba a ciki. A nan ra'ayinmu ya saɓa wa al'adar da ta yaɗu, ta ba kowa komi. Ganga ba ta bukatar taimako kafin a ji ta a dandamali, balle algaita da kakaki, waɗanda tun asali don fili aka ƙera su. A ƙofar fada sau da yawa ba su bukatar makirufo sam, in kuma an sa musu don ɗauka ko don taro mai nisa, kada digo ya shiga hanyar gefe. Idan teburi na da hanyoyin gefe biyu, ta farko ta jagora ce: muryarsa, da kaɗan daga ƴan amshi. Ta biyu ta ƴan amshi da makaɗa: muryar jagora sama da komi. A wurin tafsiri ma haka ne, mai jan baƙi da mai fassara kowa ya ji ɗan'uwansa, don a can ma karɓa-karɓa ake yi. Duk abin da aka ƙara bayan wannan yana cinye sararin murya ne kawai.

Wurin ajiye ta ya danganta ga irin makirufo. Wanda aka fi gani a hannu, irin Shure SM58 da ake ƙerawa tun 1966 da kwaikwayonsa masu yawa, yana ji ta gaba da gefe, kurma ne ta baya. Don haka lasifikar ta zauna daidai bayansa, gindin makirufo na nuna ta. Akwai wasu masu matsattsen ji, waɗanda kurumtarsu ba a baya sak take ba, tana wajen digiri 110 zuwa 125 daga gaba. Su ana kauda musu lasifikar gefe kaɗan. Takardar da ke zuwa cikin kwali tana nuna wannan da zane, ga wanda bai jefar da ita ba.

5. Kukan lasifika da saitin teburi

Kukan nan mai tsinka kunne, da Faransanci ya raɗa wa sunan masanin Danmak Søren Larsen, kewaye ne: makirufo ya ji lasifika, ampili ya ƙara, lasifika ta fitar, makirufo ya sake ji. Yana tashi ne a kan kaɗawa guda, wadda ta fi sauran samun hanya. Halaye biyu na dandalinmu suna kiransa. Na ɗaya, riƙon makirufo da tafin hannu a rufe kansa, wanda matasa mawaƙa ke yi don ado. Ƙananan kafofin da ke bayan kan su ne ke sa shi kurumtar baya, idan aka toshe su sai ya koma ji ta kowane gefe. Na biyu, maroƙin da ke riƙe da makirufo marar waya, ya sauka ya bi mai kyauta har gaban lasifikar taro. Wannan ba a hana shi, sana'arsa ce. Sai dai mai teburi ya sa masa ido, yatsa na kan maɓallin ja.

Tsarin saiti yana farawa daga maɓallin shigarwa da ke saman kowane layi. A danna PFL, mai magana ya yi magana da ƙarfin da zai yi a taro, ba raɗa ba, a murɗa har ma'auni ya riƙa wasa a wajen sifiri ba tare da jar fitila ta kama ba. Idan shigarwa ta yi yawa, murya ta fashe tun daga ƙofa, kuma babu abin da zai ɗinke ta a gaba. Baƙaƙe ne kuma fashewar ke fara ci. A danna maɓallin da ke yanke abin da ke ƙasa da Hz 80 ko 100 a kan duk layukan murya: mun riga mun ga kari ba zai cutu ba, kuma hucin iska da ƙarar hannu za su tafi. Idan murya ta yi dumu-dumu, a rage wajen Hz 200 zuwa 400 kafin a yi tunanin ƙara kaifi. Bayan haka a buɗe hanyar gefe sannu a hankali har kuka ya fara leƙowa, a nemo kaɗawarsa a na'urar daidaitawa mai maɓalli 31, a rage ta kaɗan, a sake ƙarawa. Sau uku ko huɗu ya isa. Wanda ya zarce haka zai tarar ya rage komi. Daga nan a ja da baya da dB 3 zuwa 6, domin zuwan jama'a da sauyin iska bayan faɗuwar rana suna canza lissafin.

Akwai wani abu da ya keɓanta ga Hausa a nan. Jimlar bayani tana gangarowa: kowane karin sama da ya biyo karin ƙasa bai kai na gabansa ba, har ƙarshen jimla ya zo a ƙasa kuma a raunane. Tambaya mai neman i ko a'a kuwa a ƙarshen nan take bayyana, inda karin sama na ƙarshe ke ɗagawa. Mai jawabi kuma a daidai nan yake kauda kai daga makirufo. Na'urar matse sauti, idan aka saita ta da sauƙi, wajen 3 bisa 1, tana rage tsawar farkon jimla ta ba da damar ɗaga wutsiyarta. A yi hattara dai da shigarta hanyar dandamali, don duk abin da ke ɗaga raunanan sautuka yana kusanto da kuka.

6. Wuta, waya, da gwaji

Wutar yankin Damagaram da Maraɗi ta daɗe tana zuwa ta layin Katsina, kuma katsewarta daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024 ta tunatar da kowa matsayin gurup a wannan sana'a. Kayan sauti su sha wuta daga tushe guda, daban da na fitilu da firji. In ba haka ba za a ji gunjin Hz 50 a ƙarƙashin kowace magana. Wayar makirufo mai ƙafa uku tana jure nisa ba tare da kwasar ƙazanta ba, mai ƙafa biyu ba ta jurewa. Lasifika biyu masu om 8 da aka jona gefe da gefe sun zama om 4, huɗu sun zama om 2, kuma ampili da yawa ba su ɗaukar haka, balle da rana tsaka a watan Mayu. Teburi ake fara kunnawa, ampili a ƙarshe. Wajen kashewa a juya. Teburin kansa ya zauna cikin taro yana fuskantar dandamali, a inuwa, a rufe shi daga ƙura. Wanda ya zauna bayan lasifika yana saita abin da ba ya ji.

Saura gwaji. Injiniyoyin tarho sun daɗe suna auna fahimtar magana da jerin kalmomin da sauti guda ya raba, a Faransanci da Ingilishi, kuma tsara irin wannan jeri cikin Hausa, a gwada shi a filayen Damagaram lokacin hunturu da lokacin damina, aiki ne da ya isa kundin digiri ga ɗalibin da ke neman batu. Kafin nan, jimla biyu sun wadatar da mai sono:

(5) Bàaƙii sun tsayàa à bàakin ƙoofàa.
(6) An kai gàarii gàrii.

A tura mutum can sahun ƙarshe, wanda ba a gaya wa abin da za a faɗa ba, makaɗa kuma su ci gaba da kiɗa a lokacin, ya dawo ya maimaita abin da ya ji. Idan (6) ta rikice masa, a rufe eko, a duba jinkirin lasifikokin tsakiya. Idan a (5) ya kasa raba kalmar farko da ta biyar, a ƙara wa lasifikokin taro tsawo, a gyara inda suke kallo, kafin a taɓa ko maɓalli guda a teburi.